Yadda ake haska hoto da majigi a jikin ginin da ake taƙaddama a kansa

A 2020, a birnin Richmond na Amurka, Dustin Klein da Alex Criqui sun riƙa haska fuskar George Floyd, baƙar fatar da wani ɗan sanda ya kashe a shekarar, da dare a gindin gunkin Janar Robert E. Lee, jagoran sojojin jihohin Kudu da suka yi yaƙin basasa don a ci gaba da bautar da bayi. Majigi kawai suka ɗauko, ba fenti ba guduma. An sauke gunkin a Satumbar 2021.

Wannan aiki lissafin haske ne. Majigi mai lumen (ma'aunin ƙarfin haske) 5,000 ya isa hoto mai faɗin mita 6 da tsayin mita 3 da ɗoriya, muddin fitilar titi ba ta dukan bangon. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwaɗayin girma: in ka ninka faɗin hoton, haskensa zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ya yi fari fat ba a gane komai. Gara ƙaramin hoto mai kaifi.

Duba lambar tazara a takardar majigin, wadda ake ninkawa da faɗin hoto a san nisan da za a ja baya. Idan 1.5 ce, hoton mita 6 na buƙatar ka ja baya mita 9. Je wurin da rana ka auna, ka sake komawa da dare ka ga fitilun da ke kunne.

Majigi ba ya haska baƙi. Duk inda hotonka yake baƙi, bangon ne zai fito yadda yake, saboda haka yi rubutu fari mai kauri a kan baƙi, kalmomi kaɗan. Farin siminti da dutse mai haske suna riƙe hoto da kyau, jan bulo yana shanye shi, gilashi kuwa haske ratsa shi yake ya faɗa ɗakin mutane.

Sai wuta. Irin wannan majigi mai ƙwai yana cin kusan wat 400. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfa 100 ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, don haka da inbata da kwamfuta awa ɗaya da 'yan mintuna zai kai ka. Kada ka zare waya kai tsaye. Bar fanka ta huce ƙwan, in ba haka ba rayuwarsa ta gajarta.

Tun kafin ranar, zauna da mutanen unguwar, musamman waɗanda tarihin wurin ya shafa, su ga hoton su yarda. Bincika dokar garin, ka ware mutum ɗaya mai sanyin baki da zai yi magana da jami'an tsaro. A 1985 wani mai fasaha, Krzysztof Wodiczko, ya haska tambarin Nazi a ofishin jakadancin Afirka ta Kudu da ke Landan don ƙin wariyar launin fata, 'yan sanda suka dakatar da shi bayan kimanin awa biyu. Don haka mai ɗaukar hoto ya kafa kyamararsa tun kafin a kunna majigi, kuma a tabbatar hasken ba ya shiga idon direbobi.