Yadda Ake Duba Bakin Tsohon Kare Idan Dasashinsa Ya Kumbura

A gonar kawuna da ke bakin kogin Nil Azrak, kusa da Mai Wurno a Sudan, akwai wani kare da muke kira Kure. Shekararsa tara yana gadin awaki da rumbun dawa. Wata damina sai ya tsiri wani hali. A zuba masa kisra, wato siririyar wainar dawa ta nan ƙasar, da romo, ya taho da gudu, ya ɗauki loma, ya karkata kai gefe guda, sai ya saki lomar ta faɗi ƙasa. Ya koma gefe ya kwanta yana kallon kwanon. Kawu ya ce, "Ƙyale shi ɗana, tsufa ne." Na ce, "Kawu, ai tsufa ba ya hana mai yunwa tauna." Da muka ɗaga leɓensa, warin da ya bugo mu sai da muka kau da kai. Turamen sama na hagu sun lulluɓe da wani datti mai kama da busasshen laka, dasashin ya yi ja wur, da an taɓa sai jini.

Kare mai girman jiki yakan shiga sahun tsofaffi tun yana shekara 7, ƙananan iri kuma sai wajen shekara 10. A wannan lokacin ne ciwon baki yake bayyana, ko da yake ya daɗe yana ci a ɓoye. Ga yadda za ka bi shi.

Mataki na farko: kada ka fara da hannu

Ciwon haukan kare yana nan a Sudan, kuma ba kowane mahaukacin kare ne yake bin mutane da cizo ba. Akwai nau'in da kare yake yin laƙwas, muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, miyau ya yi ta dalala, ya kasa haɗiya. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu zai ciro. Ta haka mutane da dama suke haɗuwa da cutar.

Saboda haka tsaya daga nesa ka tambayi kanka. An yi masa allurar rigakafi, kuma yaushe? Ya yi faɗa da baƙon kare ko dila a 'yan watannin nan? Halinsa ya sauya farat ɗaya, haushinsa ya canza, ko yana tangaɗi? Idan akwai ko da ɗaya daga cikin alamun nan tare da dalalar miyau, tsare shi inda yara da dabbobi ba za su kai ba, ka kira likitan dabbobi, wanda a nan muke ce wa baiɗari. Idan ya ciji wani, ko miyansa ya taɓa rauni, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Karen kuma a sa masa ido kwana 10.

Ciwon dasashi shi a hankali yake zuwa. Makonni ne, ko watanni, kuma karen yana cikin hayyacinsa, yana kaɗa maka wutsiya.

Mataki na biyu: kalle shi yana cin abinci

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Lura ko da gefe ɗaya yake tauna, ko yana sakin loma, ko yana goga baki da ƙafar gaba, ko akwai jirwayen jini a ruwan shansa. Lura kuma da yawan ruwan da yake sha da yawan fitsarinsa. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Mataki na uku: ɗaga leɓe

Zaɓi safiya, lokacin da gari bai ɗau zafi ba kuma akwai haske. Sa safar hannu. Wanda karen ya fi sabawa da shi ya riƙe shi ta baya, hannu ɗaya a ƙirji. Kare mai jin zafi yana iya cizon ubangidansa, don haka idan ka ga yana gurnani, ɗaure masa baki da tsumma mai laushi: ka zagaya hanci da haɓa, ka ƙulla a ƙarƙashin haɓa, ka kai ƙarshen bayan kunnuwa. Kada takunkumin ya wuce 'yan mintoci, domin da haki kare yake rage zafin jikinsa, kuma ka san ranar ƙasar nan.

Ba sai ka wangale bakin ba. Ɗaga leɓen sama da babban yatsa, ka ja shi baya har ka ga turame. Karen da ya gama girma haƙora 42 gare shi, 20 a sama, 22 a ƙasa, kuma ɓarnar ta fi yawa a fiƙoƙi da manyan turamen sama ta wajen kumatu, wurin da mai duban gaggawa ba ya kaiwa. Danna dasashin da yatsa ka saki. Zai yi fari, ya kamata jansa ya dawo kafin daƙiƙa 2. Wasu karnukan dasashinsu baƙi ne tun haihuwa, sai ka nemi wurin da babu baƙin.

Idan karen ya natsu, buɗe bakin kaɗan ka leƙa ganɗa da ƙarƙashin harshe. Sau da yawa guntun ƙashi ko karan dawa yakan gicciya a ganɗa tsakanin turame, ya yi kwanaki yana ruɓar da nama. Ƙayar kifi ma tana soke dasashi, musamman ga karnukan masunta. Wanda yake sha a tur'a, wato magudanar ruwan ban-ruwa, kuma matsattsaku na iya maƙale masa.

Mataki na huɗu: fassara abin da ka gani

A nan aikin yake. Ƙwayoyin cuta sukan taru a jikin haƙori su yi wani yauƙi marar launi. Idan ba a goge ba, cikin 'yan kwanaki gishirin da ke cikin miyau sai ya fara daskarar da shi, ya zama abin da Larabawan nan suke kira jir. Jir ɗin da kake gani a waje muni ne kawai. Mai ɓarnar shi ne wanda ya shige ƙarƙashin dasashi.

Idan jan layi ne siriri a inda dasashi ya haɗu da haƙori, haƙoran kuma daram suke, to ciwon yana farkonsa, kuma wannan matakin yana warkewa sarai. Idan dasashin ya janye har saiwar haƙori ta fito, ko mugunya tana tsattsafowa in ka danna, ko haƙori yana girgiɗi, to ciwon ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da goge-goge. A lafiyayyen kare, ratar da ke tsakanin dasashi da haƙori ba ta wuce milimita 3, kuma da wani siririn ƙarfe mai awo likita yake gane ko ta zama rami.

Akwai alamu biyu da mutane ba sa dangantawa da haƙori. Kumburi a ƙarƙashin ido ɗaya, wanda yakan fashe ya warke ya sake dawowa, yawanci saiwar babban turmin sama ce ta ruɓe. Atishawa da majina ta hanci ɗaya bayan cin abinci kuma na iya nuna cewa ramin fiƙar sama ya ɓulle zuwa cikin hanci.

Wani lokaci kuma za ka tarar da gyambo a cikin kumatu daidai inda naman yake kwanciya a kan haƙori, kamar an buga tambari. Jikin karen ne yake wuce gona da iri wajen yaƙar yauƙin nan. Zafinsa ya fi na ciwon dasashi nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa sai an cire haƙora masu yawa kafin a samu sa'ida.

Sai kuma abin da yake bayyana a baki alhali tushensa yana can cikin jiki. Gyambo a gefen harshe, numfashi mai zarnin fitsari, yawan shan ruwa, amai da rama: ƙoda ake zargi, kuma tsofaffin karnuka tana yawan kama su. Yawan sha da yawan fitsari tare da rama duk da yana ci, a auna suga. Dasashi fari fat, ko mai ɗige-ɗigen jini kamar an yayyafa barkono, ga haɓo, ga kaska cike da kunne: wannan zazzaɓin kaska ne ya fi kama da shi, ba haƙori ba. Idan kuma wani tsiro ne a wuri guda, baƙi ko ja, mai saurin girma da zubar jini, kada ka jira. Wasu tsiron dasashi ba su da illa, wasu kuwa ciwon daji ne, kuma ido ba ya rarrabewa sai an yanki kaɗan an duba.

Mataki na biyar: abin da za ka iya yi a gida

Sassauta masa abinci. Jiƙa kisra ko asida, wato tuwon nan ƙasar, a romon nama, ka haɗa da dafaffen ƙwai ko niƙaƙƙen nama. Amma a ɗebi romon kafin a sa albasa da tafarnuwa, domin suna lalata jinin kare, kuma miyarmu ba ta rabuwa da su. Dafaffen ƙashi a daina ba shi gaba ɗaya.

Naɗa shash, wato bandeji, mai tsabta a yatsa, ka tsoma a ruwan ɗumi da aka sa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi guda, ka matse, ka shafa a gefen dasashi ta waje. Idan ka samu ruwan wanke baki na kulohesidin mai ƙarfin 0.12 cikin ɗari a saidaliyya, wato kantin magani, ya fi. Karanta kwalbar ka tabbata babu barasa kuma babu zailitol a ciki, domin wannan abin zaƙin guba ne ga kare. Sau biyu a rana, mako ɗaya zuwa biyu, kuma kada ya shiga ido.

Man goge bakinmu ba na kare ba ne, shi ba ya tofarwa. Kada ka ba shi Brufen ko Voltaren, suna huda ciki su kashe ƙoda, Panadol ma ba a ba shi da ka. Sannan kada ka ɗauki wuƙa ko ƙusa ka ce za ka kankare jir ɗin. Za ka karce haƙorin, datti ya ƙara samun wurin kamawa, na ƙarƙashin dasashi kuma ko gezau.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta shi ne babban tarkon. Mu ma mun faɗa ciki. Kawu ya sayo kafso, muka ba Kure na kwana biyar, wari ya ragu, muka ce an gama. Kafin wata ya zagayo ciwon ya dawo sabo. Muddin ruɓaɓɓen haƙori yana nan, maganin lallashi kawai yake yi.

Mataki na shida: wurin baiɗari

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, samun likita da magani ya yi wuya a wurare da yawa, kuma yawancin likitocinmu sun fi gogewa da shanu da tumaki. Duk da haka, haƙori mai motsi, mugunya, gyambo, tsiro, ko kare da ya yi kwana biyu bai ci ba, ba aikin gida ba ne. Yi tambaya a Sinnar ko Madani ko Gadarif ka samu wanda ya saba da ƙananan dabbobi.

Wankin haƙori na gaskiya sai da allurar barci. Mutane suna tsoronta ga tsohon kare, kuma tsoron yana da dalili, shi ya sa za ka nemi a fara gwajin jini don a ga ƙoda da hanta, a kuma saurari zuciya. Likita zai kankare sama da ƙarƙashin dasashi, ya goge haƙorin ya yi santsi, ya cire wanda fiye da rabin abin da ke riƙe da shi ya lalace. Shi ne zai zaɓi maganin zafi da na ƙwayoyin cuta gwargwadon nauyin karen. Idan zazzaɓin kaska ne, doksisaikilin akan bayar na kwana 28, kuma ba a yankewa don an ga sauƙi.

Kure haƙora huɗu aka cire masa. Kawu ya yi ta jimamin yadda zai ci abinci, sai ga shi a rana ta uku yana lashe kwano har yana tura shi da hanci.

Mataki na bakwai: bayan an warke

Bari kamar mako biyu wurin ya rufe, sannan ka fara gogewa da buroshin yara mai laushi da ruwa zalla, ko man da aka yi don karnuka in ka samu. Fara da fiƙoƙi kawai, ka ba shi ɗan nama, gobe ka ƙara haƙori biyu. Gefen waje ya isa, minti ɗaya, amma kullum, tunda yauƙin ba ya jiran mako kafin ya fara daskarewa. Ɗan kawuna ne yake yi wa Kure yanzu, da yamma bayan an shigar da awaki, buroshin kuma yana soke a jikin dangar turke don kada a haɗa shi da na mutane.