Darasi na Tara: Yadda Ciwon Hanta Ke Rufe Shafukan Tsaron Jiki

Ku ɗauki littafin da ke hannunku. Ku kama shafi biyu na tsakiya, ku matse su da yatsu. Rubutun da ke ciki ya goge? Bai goge ba, ko harafi ɗaya bai canza ba. Amma muddin kuna matse da shi haka, ba mai iya karanta shi. Ku riƙe wannan a ranku, za mu yi ta komawa kansa.

Littafin da ke cikin jiki

An gina jikin mutum da wasu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, ana kiran kowanne tantanin halitta. A cikin kusan kowane tantani akwai wani siririn zare mai suna DNA. Da za a warware shi a miƙe, tsawonsa zai kai kusan mita 2. A jikin zaren nan aka rubuta umarni kimanin 20,000, su ne ƙwayoyin gado da muka samu daga iyaye.

Tantanin hanta da tantanin ido littafi ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya raba su shi ne shafukan da kowanne ya buɗe da waɗanda ya rufe. Jiki yakan rufe shafi ta hanyar manna masa wata ƙaramar alama da ake kira metil. Yakan kuma naɗe zaren tamau a jikin wasu dunƙulallun sinadarai masu suna histon, yadda ake naɗe zare a jikin sanda, har ba a iya kaiwa ga rubutun. Ilimin wannan buɗewa da rufewa shi ake kira efijenetik. Wani masani ɗan Ingila, Conrad Waddington, ya ƙirƙiro kalmar a 1942.

Rufe shafi ba cuta ba ne, aikin jiki ne na yau da kullum. Matsalar tana farawa idan baƙo ya karɓe wannan aiki.

Baƙon da ya zauna

Ƙwayoyin bairos biyu ne suka fi jawo ciwon dajin hanta, wato na ciwon hanta nau'in B da nau'in C. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma da nau'in C, kuma cututtukan sun kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa jin ciwo ba sai da abu ya yi nisa. Hanta tana da haƙuri ƙwarai, kuma haƙurin nan nata ne ke yaudarar mutane.

Nau'in B yana shiga har tsakiyar tantani, inda littafin yake. Yana ajiye kwafin kansa a can, wani lokaci ma yana cusa guntun rubutunsa a cikin namu. Sannan yana ƙera wani sinadari da masana suka sa wa suna HBx. Wannan sinadari yana zuga ma'aikatan tantani masu manna alamar metil, sai su riƙa manna ta a inda bai dace ba.

To, waɗanne shafuka ake rufewa? Nan ne abin ke da ban takaici, domin shafukan tsaro ne. Ɗaya daga cikinsu sunansa p16. Aikinsa kamar birkin mota ne: idan tantani ya samu lahani, p16 ke tsayar da shi kada ya ci gaba da rabuwa yana hayayyafa. Da an manna masa metil, birki na nan a motar amma ƙafa ba ta kaiwa gare shi, sai lalataccen tantani ya yi ta hayayyafa ba tsayawa, wanda shi ne hanyar ciwon daji. Akwai wani kuma, E-kadherin, wanda ke haɗa tantani da maƙwabtansa kamar gam. Idan aka rufe shi, lalataccen tantani yana samun damar ɓallewa ya kutsa wani wuri. A lokaci guda kuma, wasu sassan littafin da ya kamata su zauna a rufe sai alamarsu ta ragu, su buɗe, zaren gado ya rasa natsuwa. An kulle mai gadi, an buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Nau'in C, wanda aka gano a 1989, hanyarsa dabam ce. Ba ya cusa rubutunsa cikin namu. Amma sinadaransa su ma suna zuga masu manna metil, suna kuma sauya yadda zaren ke naɗe a jikin histon. Ga kumburi na shekara da shekaru: sojojin jiki suna yaƙar bairos, tantani suna mutuwa, sababbi suna fitowa, hanta tana yin tabo kan tabo har ta taurare. Likitoci suna kiran wannan sirosis. Duk tantanin da ya rabu biyu yana miƙa wa 'ya'yansa alamun da aka manna masa, don haka kuskuren yana taruwa. Daga kamuwa zuwa ciwon daji yakan ɗauki shekara 20, 30 ko fiye. Ba kowane mai ciwon hanta ne zai yi daji ba, amma haɗarinsa ya fi na wanda ba ya ɗauke da cutar nesa ba kusa ba. Nau'in B kuwa yana iya jawo daji ko da hanta ba ta kai ga taurarewa ba.

Tabon da ke saura

Yanzu akwai ƙwayoyin magani da ke warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu nau'in C, yawanci cikin mako 8 zuwa 12. Wannan babbar ni'ima ce. Sai dai masu bincike sun duba hantar waɗanda suka warke, suka tarar wasu daga cikin alamun da bairos ya jawo suna nan daram bayan ya tafi. Magani yana rage haɗarin daji sosai, amma ba ya share shi baki ɗaya ga wanda hantarsa ta riga ta taurare. Ina roƙon duk wanda ya warke kada ya yi sallama da asibiti sai likita ya ce masa ya isa.

Abin da ke hannunmu

A yi gwajin jini, ko ba a jin komai. Mai juna biyu ta yi gwajin nau'in B, domin jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, kusan tara cikin goma cutar na zama a jikinsu, alhali babba da ya kamu bai kai biyar cikin ɗari ba. Shi ya sa ake yi wa jariri allurar rigakafin nau'in B cikin awa 24 da haihuwa, a kuma cika sauran. Ƙasar Taiwan ta fara wannan rigakafi ga jarirai a 1984, daga baya aka ga ciwon dajin hanta ya ragu a tsakanin yaranta. Nau'in C ba shi da rigakafi, sai kiyaye jini: kada a yi tarayya a reza, allura ko buroshin haƙori.

Wanda aka samu da nau'in B, magunguna irin su tenofobir da entekabir suna danne bairos, amma kwafinsa na nan ɓoye a tsakiyar tantani, don haka ba a daina sha ba da izinin likita ba. A guji giya. Mai taurin hanta, da wanda likita ya ga yana cikin haɗari, ya riƙa yin hoton sikanin na ciki duk wata 6, domin dajin da aka gano yana ƙarami ana iya cire shi.

Aikin aji

Ku rubuta kalmomin nan sau uku: hanta, tantani, metil, rigakafi. Sannan kowa ya juya ga na kusa da shi, ya ɗauki littafi, ya nuna masa da yatsunsa abin da ke faruwa da p16. A gida kuma, ku duba katin rigakafin yaranku, ku rubuta ranar da aka yi musu allurar ciwon hanta ta farko, ku zo da ita darasi na gaba.