Gwajin fata don gano tsutsa a jikin dabbobi: inda aka fi tafka kuskure

Ana aske gefen wuyan saniya, a tsira ƴar allura cikin fatar, a ɗiga ruwan da aka tato daga jikin tsutsa. In jikinta ya taɓa yaƙi da irin wannan tsutsar, wurin kan tasa cikin minti 15 zuwa 30. Tsohuwar dabara ce: Casoni, wani likitan Italiya, ya yi ta a kan mutane tun wajajen 1912 don gano ƙullutun ruwa na tsutsar kare.

Babban kuskure shi ne a ga kumburi a ce tsutsa na nan. Sojojin garkuwar jiki kan yi watanni a jini bayan magani ya kashe ta, don haka kumburin sawun ɓarawo ne, ba ɓarawon ba. Kuma tsutsotsi dangin juna ne, wata kan tayar da kumburin wata. Gyaransa: a haɗa da gwajin kashi. Amma shi ma kashin yana da makanta. Tsutsar hanta, wadda shanu ke kwasowa daga ciyawar bakin ruwa inda katantanwa take, a fadamun kogin Logon ko kewayen tafkin Lagdo na Kamaru, sai ta yi wata uku ko fiye kafin ƙwanta ya fito a kashi, alhali gwajin jini ya nuna ta tun makonnin farko. Saniyar da ta dawo daga kiwon rani jiya, kashinta ya fito wanke, ba ta tsira ba tukuna.

Wasu kuma suna rikita wannan gwajin fatar da gwajin tarin fuka, wanda ake dubawa bayan awa 72. Kafin lokacin, kumburin gwajin tsutsa ya sace.

Allurar ma sai ta tsaya cikin fata, ba ƙarƙashinta ba. A ɗiga ruwan gishiri zalla a gefe don kwatance, a auna kumburin da ma'auni, ba da ido ba.

Kashin da za a kai ɗakin gwaji, irin LANAVET na Garwa ko IRED na Njamena, a ɗebo shi daga duburar dabbar, a sa a sanyi. Wanda aka tsinta a ƙasa ya wuni a rana aikin banza ne.

Sannan maganin: ivermectin kaɗai ba ya kashe tsutsar hanta, komai yawan allurar. In ita ce, malam, tambayi likitan dabbobi triclabendazole, shi ke kama har ƙananan.