Ga masu son ƙara sauri a gudu

'Yan uwa sababbin shiga, kada ku riƙa zage ƙarfi kullum, ciwon ƙwauri da gwiwa ne ke biyo baya. In kana fita sau huɗu a mako, uku su zama a hankali, yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba haki. Ɗaya ce kawai ta sauri.

Ranar saurin, fara da sassarfa ta minti 10. Sai zagayen mita 400 sau 6, kana tafiyar minti 2 tsakani. Na shida ya zo daidai da lokacin na farko. In ka sare a na uku, ka fara da zafi ne, sassauta. Wanda filin wasa na Surulere da ke Legas ya yi wa nisa ya yi da agogo: minti 2 gudu, minti 2 tafiya.

Fita da an idar da Asuba. Laimar Legas ba ta barin gumi ya bushe, shi ya sa zuciya ke saurin bugawa, don haka riƙe ruwa. Ƙarin nisan mako kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na nisan makon da ya gabata.

Masu haɗawa da iyo da keke, ku saba da gudun minti 10 da saukarku daga keke, lokacin ne ƙafa ke nauyi.