Yadda Ake Gardamar Kiɗan Na'ura Marar Kari a Majalisa

Ranar da na fara kunna wa kawuna irin wannan kiɗan a ƙofar gidanmu da ke Mabera, bai bari an yi minti ɗaya ba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Yaro, wanga ba kiɗi na ba, injin niƙa na." Kunnensa da kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo ya tashi, ni kuma na kawo masa wani gurnani da shuuu na kwamfuta, babu ganga, babu amshi, babu inda mutum zai kaɗa kai. Ranar na sha ƙasa, kuma laifina ne. Daga baya na koyi yadda ake shiga wannan gardama, shi ne nake so in ba ka.

Da farko kada ka kunna ta lasifikar waya. Ba ta iya fitar da sauti mai kauri, alhali rabin daɗin wannan kiɗa a can ƙasa yake, inda ake jinsa a ƙirji. Nemi abin sawa a kunne, ko rediyo mai babbar lasifika, ka bari sai bayan isha'i, hayaniyar 'yan kabu-kabu ta lafa. Minti uku ya isa. Kada ka yi bayani kafin a ji.

Sannan ka ba abokin gardamarka haƙƙinsa tun kafin ya nema. Idan ya ce babu kari, gaskiya ne. Babu 'yan amshi, ba a yabon kowa, ba a rawa, ba mai tashi ya yi liƙi. Duk ma'aunin da muke auna makaɗi da shi a ƙasar nan, wato azanci da zambo da habaici da sanin asalin wanda ake wasawa, wannan kiɗa ya faɗi a kansa. Ni ma na daina kiransa waƙa, sauti nake cewa. Da ka saki wannan kalma za ka ga fuskarsa ta saki, don dama abin da yake karewa ke nan, kada a haɗa makaɗan fada da ƙugin na'ura a sahu ɗaya.

Magana ta gaba da za ta zo ita ce, ai haukan Turawa ne. Nan ne kake da abin faɗa. A 1944 wani ɗalibi ɗan Masar, Halim El-Dabh, ya ari na'urar ɗaukar murya mai naɗe sauti a kan siririyar wayar ƙarfe, ya ɗauko bikin zar a Alƙahira, wanda ya yi kama da borinmu. Ya kai abin da ya ɗauka gidan rediyo, ya yi ta juya shi da amsa-kuwwa har kalmomin matan suka narke, saura amon muryoyin kawai yana hawa kan juna. Sai shekara huɗu bayan haka, a 1948, wani Bafaranshe, Pierre Schaeffer, ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a Faransa ya yayyanka ya harhaɗa, aka ce an buɗe sabon babi. Ɗan Afirka ya riga shi. Faɗi wannan sau ɗaya ka wuce. Tarin sunaye ba ya sa kunne ya ji daɗin abin da bai ji ba, kuma dattijo ba ya son a yi masa lacca a ƙofar gidansa.

Abin da ya fi komai yi mini aiki shi ne in haɗa nawa da kaina, da sautin da kowa ya sani. Wata safiya na ajiye waya kusa da turmi ƙannena biyu suna lugude. Na sa abin a kwamfuta cikin Audacity, manhajar kyauta ce. Na rage gudunsa zuwa rabi, sai kowane bugun taɓarya ya yi kauri kamar tambari daga nesa, har kana jin yadda turmin ke amsawa bayan bugun, abin da ban taɓa lura da shi ba duk da a cikinsa na girma. Na ɗauki wani yanki na juya shi baya, bugun ya koma kamar ana zuƙe iska. A ƙarƙashi na shimfiɗa kukan iskar hunturu da na ɗauka ta kafar taga. Ka gwada da maƙera, ko guga yana sauka rijiya. Wanda ya gane tushen sautin yakan bi shi ya ji inda aka kai shi, kuma daga nan gardamar ta tashi daga "kiɗa ne ko ba kiɗa ba" ta koma "me ya sa ka yanke a nan".

Kada ka kare kowane tarkace. Da yawa daga abin da ake sakawa a intanet da sunan gwaji lalaci ne, mutum ya murɗa maɓallai ya tafi shan shayi. Yadda nake rarrabewa: in saurara sau biyu. Idan a karo na biyu na fara jiran wani wuri, na san akwai wanda ya zauna ya zaɓa. Idan ko'ina ɗaya ne, sai in ce wa abokin gardama ya yi gaskiya, mu goge. In kuma wani ya kawo batun hukuncin kiɗa a addini, wannan wata magana ce daban, ta malamai ce, ba a warware ta a kan tabarmar hira.

Da na kunna wa Kawu luguden nan, bai ɗaga hannu ba. Ya saurara har ƙarshe, carbinsa a tsaye, sannan ya ce in maido masa daga tsakiya. Ya ce, "Har yanzu ba kiɗi na ba. Amma ɗaya daga cikin ɗiyan ga ta gaji, ji yadda taka makara." Na sake saurara, ashe kuwa ƙaramar ce, taɓaryarta tana sauka a baya kaɗan.