Yadda ake horar da karen Boykin ya ɗauko agwagwa, ya kuma zauna lafiya da iyali

Boykin ƙaramin kare ne mai launin ƙasa-ƙasa da dogayen kunnuwa, wanda nauyinsa bai cika wuce kilo 18 ba. Asalinsa jihar Karolina ta Kudu a Amurka. A farkon shekarun 1900 wani ma'aikacin banki a garin Spartanburg na jihar, Alexander White, ya tsinci wani ɓataccen kare ya raɗa masa suna Dumpy. Da ya ga hazaƙarsa sai ya aika wa abokinsa Whit Boykin, wani maharbi da ke kusa da garin Camden, daga nan irin ya samo tushe. Maharban fadamar kogin Wateree ƙananan kwale-kwale suke shiga, don haka suna buƙatar karen da zai ɗauko agwagwa ko talo-talon daji ya dawo cikin jirgi bai kifar da su ba. A 1985 jihar ta ayyana shi karenta na hukuma.

Aikinsa ya bambanta da na karnukan 'yan farautarmu masu kora su kama. A nasa aikin, maharbi ne ke harbi, kare ya je ya kawo. Kafin nan kuwa sai ya zauna shiru, wani lokaci awa guda ko fiye. Wannan natsuwar ce ake gina komai a kanta, kuma ita ce dai za ta hana shi ture yara a tsakar gida.

1. Zaɓi kwikwiyo daga iyaye masu lafiya. Ka nemi mai kiwon ya nuna maka takardun gwajin uwa da uba: ƙugu, ido da zuciya. Akwai kuma wata cuta ta gado a wannan irin, wadda ke sa ƙafafun baya su saki bayan 'yan mintuna na gudu mai tsanani. A kan tudu abin tausayi ne, a cikin ruwa kuwa kare na iya nutsewa. Gwajin ƙwayar halitta yana gano ta. Wanda ya yi maka kwana-kwana a kan takardun nan, ka bar masa kayansa.

2. Watannin farko na gida ne. Yawanci ana karɓar kwikwiyo yana da mako 8. Daga nan zuwa wata huɗu, ya saba da yara, baƙi, mota da hayaniya, likitan dabbobi kuma ya kammala masa rigakafi. A koya masa “zauna”, “tsaya” da “zo”, minti biyar-biyar. Mai gida, uwargida da yara duk kalma ɗaya za su riƙa faɗa masa. Kada a ajiye masa kwanon abinci sai ya zauna. Boykin kare ne mai taushin zuciya, duka da yawan tsawa sukan kashe masa gwiwa.

3. Koya masa ɗaukowa. Ka naɗe tsohuwar safa ka jefa a cikin siririn lungu, inda ba shi da wata hanya sai ta wajenka. Jifa biyu ko uku sun isa, ka tsaya tun yana marmari. A nan ne yara kan ɓata aiki ba da saninsu ba, in suna ja-in-ja da shi da tsumma ko suna bin sa su ƙwace abu daga bakinsa. Karen da ya saba da haka zai dinga tauna agwagwa ko ya gudu da ita. Ka ba yaran aikin jifa, su karɓa a hannu, su yaba masa. Tsakanin wata huɗu da shida yana famfara, bakinsa na ciwo, sai a sassauta. Bayan nan a ɗaura fuka-fukan agwagwa a jikin abin jifar, sannan a kai ga tsuntsu sukutum.

4. Ruwa da jirgi. Rana mai ɗumi, ruwa marar zurfi, ka shiga ya biyo ka. Kada ka jefa shi. Kwale-kwalen ma a kan tudu zai fara saninsa: ya shiga, ya zauna a wuri guda, ba ya fita sai an kira sunansa.

5. Ƙarar bindiga. A ganina nan ne aka fi yin asarar karnuka masu kyau, kuma gaggawa ce ke jawo ta. Karen da bindiga ta firgita sau ɗaya, gyaransa na da wuya ƙwarai. Fara da buga tukwane daga nesa yana cin abinci. Daga baya wani ya tsaya kamar mita ɗari da ƙaramar bindiga mai ƙara kawai marar harsashi, ya harba daidai lokacin da karen ya zabura bin abin jifa. In bai ko waiga ba, gobe a matso kaɗan. In ya noƙe wutsiya, a koma baya a ba shi kwanaki. Ranar 4 ga Yuli, da Amurkawa ke wasan wuta, kwikwiyo ya kwana a cikin ɗaki.

6. Fitar farko. Ka bar abokinka ya yi harbin, kai ka riƙe igiya. Ba kowace agwagwa za a tura shi ba. Wasu ka ɗauko da kanka yana kallo, don ya gane sai da izini ake tashi.

Bayan kowace shiga ruwa a goge masa cikin kunnuwa su bushe, domin dogon kunne na riƙe danshi ya kawo ciwo. A taje gashin a cire ƙarangiya da kaska. An samar da shi ne a yanki mai ɗumi, don haka in ruwa ya fara ƙanƙara a sa masa rigar roba, a kuma taƙaita aikin. In lokacin farauta ya wuce, har yanzu yana buƙatar kamar awa guda na gudu ko iyo kullum, in ba haka ba takalma da kujerun gida zai huce a kansu.