Darasi na 6: Fentin ruwan ƙasa a cikin ɗaki

Yawancin mu nan Jos in za a yi fenti, fari ne ko ruwan madara, shikenan. Toh amma duk mai yara a gida ya san yadda farin bango yake komawa bayan wata uku, ga shatin hannu ga ƙurar hunturu da take shigowa ta ƙarƙashin ƙofa tun daga Disamba. Yau za mu koyi shafa ruwan ƙasa mai ɗan duhu, irin kalar ƙuli-ƙuli ko shayin da aka sa wa madara kaɗan. Kala ce tamu tun asali, kakanninmu da makuba suke shafe gini, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, har yanzu ma ana cewa ruwan makuba.

Ni dai ina son kalar nan saboda garinmu. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200, sanyin asuba sai wanda ya kwana a nan, kuma ɗakin da aka yi wa ruwan ƙasa in ka shiga sai ka ji kamar ya fi ɗumi, ido yana hutawa a kansa. Datti ma ba ya saurin nunawa.

Sai dai fa kala mai duhu tana shanye haske. Kafin ka sayi ko galan ɗaya, tsaya ka dubi tagar ɗakin. In ɗaki ciki da falo ne irin na gidajen haya a Gangare ko Unguwar Rogo, taga ɗaya ƙarama, maƙwabci ya tare rana da katangarsa, kar ka shafe bango huɗu, wallahi zai koma kamar rumbu. Bango ɗaya ya isa, wanda gado ko doguwar kujera ke jingine da shi, sauran ukun a sa ruwan madara. Silin kuwa a bar shi fari ƙal, shi ke dawo da haske ƙasa.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne gwaji. Kalar da ke jikin katin mai shago daban take da wadda za ta fito a bangonka, kuma ɗanyen fenti daban, busasshe daban. Sayi kaɗan, shafa wuri kamar faɗin sallaya, shafi biyu, ka bar shi ya kwana. Duba shi da safe, duba shi da la'asar, sannan da daddare a hasken da kake amfani da shi kullum. Ƙwan lantarki mai hasken rawaya yana fito da jan da ke cikin kalar, farin ƙwai irin na fitilar sola kuma yakan maida ta kamar toka, mutum ya yi ta faɗa da mai fenti alhali ba laifinsa ba ne. Uwargida ta kawo labulenta ta kara a jikin bangon ta gani, don ita ce za ta wuni a ɗakin.

Yanzu lissafi. Fentin ruwa yana zuwa a galan mai lita 4 da bokiti mai lita 20. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, shafi biyu, galan biyu kan kusa isa in bangon sumul yake, in filastar mai kaushi ce za ta sha fiye da haka. Juye su duka a bokiti ɗaya ka gauraya sosai kafin a fara, don galan biyu ba lallai kalarsu ta zo daidai ba, kuma a kala mai duhu bambancin ba ya ɓuya. Kar a cika ruwa don a yi arha, sai rola ta bar layi-layi.

In sabuwar filasta ce a bar ta kamar sati huɗu ta bushe. Bangon da damina ta jiƙa har farin gishiri yana fitowa, a gyara inda ruwan ke shiga tukun, in ba haka ba fentin zai ɓare. Shi ya sa rani ya fi dacewa da aikin nan.

Aikin gida: auna bangon ɗakinka da tef, rubuta tsawo da faɗi a littafinka, ka ƙirga tagogi nawa ne kuma ta wane ɓangare rana take shigowa. Ku zo da shi ranar darasi na gaba.